Yara 123 da malamai huɗu: nazarin ajin share fage na makarantar Perry

A watan Oktoban 1962, makarantar firamare ta Perry, wata makarantar gwamnati da ke kudancin garin Ypsilanti a jihar Mishigan ta Amurka, ta buɗe aji ga yaran da ba su isa shiga makaranta ba. Da yara 21 aka fara, 13 'yan shekara huɗu, 8 'yan shekara uku, malamai kuma huɗu. Har aka kammala shirin a 1967 ajin bai taɓa haura yara 25 ba. In aka haɗa duk waɗanda suka zauna a cikinsa kuma aka ci gaba da bin sawunsu, 58 ne kacal. Akwai wasu 65, 'yan unguwa ɗaya da su, halin gidajensu iri ɗaya, waɗanda ba su samu gurbi ba, amma su ma aka rubuta sunayensu ana bibiyarsu.

Wannan ɗan aji shi ake kafa hujja da shi a majalisu da manyan taruka duk lokacin da aka tashi neman kuɗin ilimin ƙananan yara. Maganar nan da ake yawan ji, cewa dala ɗaya da aka kashe wa yaro kafin firamare tana dawo da dala bakwai, daga nan ta samo asali, har Shugaba Barack Obama ya faɗe ta a jawabinsa ga majalisar dokoki a 2013. Sai dai masu ɗaukar lissafin ribar sukan bar rajistar a baya. Ba sa faɗin su wane ne yaran, ta yaya aka zaɓo su, kuma yara nawa ne a hannun kowane malami. Ni a ganina wanda bai duba waɗannan ba bai san abin da ya faru a Perry ba.

Unguwar da makarantar

Ypsilanti ƙaramin gari ne, mutanensa dubu ashirin da ɗoriya a wancan lokaci, yana yamma da Detroit da tazarar kilomita hamsin ko kusa da haka. Tun ƙarni na 19 akwai baƙaƙen fata a garin, amma yaƙin duniya na biyu ne ya ƙara yawansu, lokacin da kamfanin Ford ya gina katafariyar masana'antar jiragen yaƙi a Willow Run, daf da garin, ma'aikata suka yi ta kwarara daga jihohin kudu. Samun gida a wajen kudancin gari ya yi wa baƙar fata wuya, don haka can suka taru. Dokar Mishigan ba ta ce a raba makarantu ta launin fata ba, amma tunda kowane yaro makarantar unguwarsu yake zuwa, Perry ta zama ta baƙaƙe zalla. Hedimastanta, Charles Eugene Beatty, ya daɗe a kan kujerar, kuma shi ake ambata a matsayin baƙar fata na farko da ya shugabanci makaranta a jihar.

David Weikart kuwa matashi ne masanin halayyar ɗan Adam, shi ke riƙe da sashen yara masu buƙata ta musamman na makarantun garin. Aikinsa ya sa sakamakon jarrabawar kowace makaranta yana ratsawa ta teburinsa. A jarrabawar da ake auna ɗaliban ƙasar baki ɗaya, azuzuwan Perry suna can cikin kashi goma na ƙarshe, alhali wata makaranta a ɗaya ɓangaren garin, inda 'ya'yan fararen fata masu ilimin jami'a suke, tana cikin kashi goma na sama. Gari ɗaya, hukumar ilimi ɗaya. Ya kai maganar gaban shugabannin makarantu, yawancinsu ba su ga abin gyarawa ba, a wurinsu haka yaran suke. Beatty na cikin 'yan tsirarun da suka tsaya masa.

Da Weikart ya ga ba za a bar shi ya taɓa tsarin firamare ba, sai ya juya ga shekarun da babu hedimastan da ke da iko da su, wato uku da huɗu. A 1962 wannan baƙon abu ne. Shirin gwamnatin tarayya na Head Start, wato ajin share fage ga 'ya'yan talakawa, bai fara ba sai 1965. Masanan da aka tuntuɓa sun nuna shakka, har da masu tsoron kada abin ya cutar da yaran tunda ba su yi ƙwari ba. Wannan shakka ce ta sa aka ce to, a ɗauki wasu a bar wasu, a ga bambanci. Ba don ita ba da yau babu wanda ya san sunan Perry a wajen Ypsilanti.

Yadda aka cika rajista

Ba sanarwa aka yi iyaye suka zo suka yi layi ba. Ma'aikatan shirin ne suka fita nema. Sun duba ƙidayar iyalan da makarantar ke ajiyewa, sun saurari ƙungiyoyin unguwa, sannan suka bi gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Makarantar da ke jiran a kawo mata yara, 'ya'yan iyaye masu ido a buɗe take samu. Wadda ta shiga lungu da kanta ita ke kaiwa ga yaron da ba wanda zai kawo shi. Kusan duk iyalan da suka cancanta sun amince.

Matata biyu aka sa. Ta farko halin gida, kuma da abu uku aka auna shi: shekarun da iyaye suka yi a makaranta, irin aikin da uba yake yi (ko uwa in ita ke riƙe da gidan), da yawan ɗakuna in an raba su da yawan mutanen gidan. Wanda makinsa ya yi sama, an wuce shi. Ta biyu gwajin basira na Stanford-Binet, wanda matsakaicin makinsa 100 ne. Sai yaron da ya samu tsakanin 70 da 85 ake ɗauka, kuma wanda ba shi da wata nakasa a jiki ko ƙwaƙwalwa da za a ce ita ta jawo.

Me ya sa 70 zuwa 85? Kuɗi. Abin da ke hannun Weikart kason yara masu buƙata ta musamman ne, kuma a ma'aunin hukuma na wancan zamani yaro mai wannan maki ana lissafa shi cikin masu raunin fahimta amma masu iya koyo. Sai an liƙa wa yaro wannan laƙabi sannan a iya kashe masa kuɗin. Abin yana da ciwo. Yaro ɗan shekara uku, baƙo ya zaunar da shi yana yi masa tambayoyi da irin Turancin da ba shi ake yi a gidansu ba, daga nan a rubuta a takarda cewa fahimtarsa tana da rauni. Biyu daga cikin malaman ajin, Evelyn Moore da Louise Derman-Sparks, sun rubuta shekaru da yawa bayan haka cewa ba su taɓa yarda da laƙabin ba, yaran da suka gani a gabansu masu wayo ne, masu son sani. Na fi gaskata su a kan takardar gwajin. Amma dole mai nazari ya riƙe wannan matata a ransa, domin ita ta yanke iyakar waɗanda sakamakon ya shafa: 'ya'yan talakawa baƙaƙen fata na unguwa ɗaya, waɗanda aka haifa tsakanin 1958 da 1962, masu ƙaramin maki a gwaji guda.

Yara 128 aka zaɓa tun farko. Huɗu iyayensu sun tashi daga garin, ɗaya ya rasu, saura 123: maza 72, mata 51. Kusan rabin gidajen babu uba a ciki. Wajen rabi suna karɓar tallafin gwamnati. Karatun iyaye, in aka daidaita, bai wuce shekara tara da 'yan kai ba, wato yawancinsu ba su gama sakandare ba.

Ba lokaci ɗaya suka shigo ba, rukuni biyar ne. A 1962 an ɗauki rukuni biyu tare: 'yan shekara huɗu su 28, aji ya samu 13, aka bar 15, da 'yan shekara uku su 17, aji ya samu 8, aka bar 9. A 1963 aka ƙara 26, a 1964 aka ƙara 27, a 1965 aka ƙara 25, kowane karo ana raba su kusan biyu. Waɗancan 13 na farko shekara ɗaya kawai suka yi suka wuce, sauran 45 shekara bibbiyu. Saboda haka kowace shekara ajin gauraye yake, manya da suka san wurin da ƙanana sababbin zuwa. Shekarar farko yara 21, ta biyu 20, ta uku da ta huɗu 25. A shekarar ƙarshe 12 ne suka rage daga cikin waɗanda ake bibiya, sai aka cike ajin da wasu 'yan shekara uku waɗanda ba sa cikin lissafin binciken.

Rabon shi ne wurin da aka fi yin gardama a kansa har yau. Ana jera yara bisa makinsu, a raba su gida biyu masu kama da juna, a ɗan musanya don yawan maza da mata da halin gida su daidaita, sannan a jefa kwabo sama ya nuna wane gida ne zai shiga aji. Da an tsaya nan da babu magana. Amma an yi gyara biyu. Na farko, ƙane ko ƙanwa suna bin inda wansu ko yayarsu suka faɗa, don kada abin da malama ke kawowa gida ya zubo wa yaron da ya kamata a ce bai samu komai ba. Wannan da hujja. Na biyu shi ne mai nauyi: wasu yaran da ƙuri'a ta ba su aji an mayar da su ɗaya ɓangaren saboda iyayensu mata suna fita aiki, ba za a same su a gida da rana ba, kai yaro da ɗauko shi ma wahala ne. Sakamakon haka, a cikin 'yan aji kashi 9 cikin 100 ne kawai uwayensu ke aiki, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 31.

Ana iya kallon wannan ta fuska biyu. Uwar da ke gida tana da lokacin yaronta, wannan zai iya ƙara wa 'yan aji maki ba tare da taimakon makaranta ba. Uwar da ke aiki kuma tana shigo da kuɗi, ƙila ma ta fi karatu, wannan zai iya ɗaga waɗanda aka bari. Masana sun yi ta lissafin wanne ya rinjayi wanne. Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne: matar da ta fita nema don ta ciyar da 'ya'yanta, fitar tata ce ta hana ɗanta kujerar da ƙuri'a ta ba shi. Lokacin tashi da lokacin ziyara su ma matata ne, ko da ba a rubuta su cikin sharuɗɗan shiga ba.

Cikin ajin

Awa biyu da rabi kowace safiya, Litinin zuwa Juma'a, daga Oktoba zuwa Mayu, wajen mako talatin a shekara. Malamai huɗu a kan yara 20 zuwa 25, wato kowane malami yana da biyar ko shida. Kuma ba masu reno aka ɗauko ba. Dukansu suna da digiri da takardar shaidar koyarwa, albashinsu irin na malaman makarantun gwamnati ne.

Da rana kuma malaman suna shiga unguwa. Kowane yaro ana ziyartar gidansu sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi. In ka raba, kowane malami kusan gida ɗaya yake shiga a kowace rana, kuma a shekara ana zama da uwa ɗaya wajen sau talatin. Malama takan zo da kayan wasa ko littafi, ta zauna da yaro uwar tana gani, ta jawo ta cikin abin, ta ji daga bakinta me yaron yake so, me yake tsoro. Wadda ta shiga ɗakinku sau talatin ta san ko akwai abinci, ta san wa ke rashin lafiya, ta san dalilin da ya sa yaro ya zo yau yana ƙunci. Wannan ba zai yiwu ga mai yara ashirin ba, ko da ta fi kowa son aikinta, don kwanakin mako ba za su ishe ta ba. Ban da ziyarar, akan tara iyaye lokaci lokaci a tattauna.

Tsarin koyarwar bai sauko a shirye ba. Malamai da masu bincike sun yi ta ja-in-ja a kansa, suna ɗaukar tunanin masanin nan na Suwizalan, Jean Piaget, suna gwadawa suna gyarawa. Abin da ya fito daga baya, wanda aka san shi da sunan HighScope, ginshiƙinsa uku ne a jere: yaro ya tsara, ya aikata, ya waiwaya. Da safe malama ta tambaye shi me zai yi yau. Ya ce zai gina gida da katakai. Da wa? Me kake buƙata? Ya tafi ya yi. Daga baya ya dawo cikin 'yan uwansa biyar ya ba da labari: bangon ya faɗi, ya sake ɗorawa, wane ya ƙwace masa katako, suka daidaita. Abin ba wuya a faɗa, amma a duba abin da yake ci. Sai an tsuguna an saurari kowane yaro shi kaɗai, sau biyu a safiya ɗaya, an jira shi ya nemo kalmar da yake so. Da yara biyar wannan mintoci ne. Da talatin sai dai a sa su rera amsa tare. Malaman sun kuma riƙa fita da yaran, irin zuwa gonar tuffa su tsinko da hannunsu, a dawo aji a dafa, a yi ta hira a kan abin da aka gani.

In aka tara awannin aji da na ziyara, yaron da ya yi shekara biyu cur bai samu awa dubu ba. Kuɗin da aka kashe wa kowane ɗaya, in aka mayar da shi darajar dala ta shekarar 2000, ya kama 15,166, mafi yawansa albashin malamai. Daga shekara biyar dukansu, 'yan aji da waɗanda aka bari, suka shiga makarantun gwamnati iri ɗaya, ba a ƙara yi wa kowa wani abu na musamman ba.

Abin da ya biyo baya

Da farko murna aka yi. Da yaran suka kai shekara biyar, kashi 67 cikin 100 na 'yan aji sun kai maki 90 ko fiye a gwajin basira, a ɗaya ɓangaren kashi 28. Tazarar ta kai wajen maki 12. Sai ta fara raguwa da shigarsu firamare, kafin su cika shekara goma ta ɓace, ɓangarorin biyu suka haɗu a wajen 85. A daidai wannan lokaci, 1969, rahoton binciken kamfanin Westinghouse ya ce ribar Head Start ma haka take gushewa, masanin halayyar ɗan Adam Arthur Jensen kuma ya wallafa doguwar maƙalarsa yana cewa an gwada irin wannan taimako bai yi aiki ba. Da an rufe littafin Perry a nan da an sa ta cikin jerin abubuwan da aka gwada suka faɗi.

Weikart bai rufe ba. A 1970 ya bar aikin hukumar ilimi ya kafa gidauniyar HighScope a garin, aka ci gaba da neman yaran: kowace shekara har suka kai sha ɗaya, sannan a 14, 15, 19, 27 da 40. A nan ƙanƙantar rajistar ta yi rana. Mutum 123 na unguwa ɗaya ana iya nemo su ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar uwa ko kawu ko maƙwabci, har cikin kurkuku. A shekara arba'in an zauna da kashi 97 cikin 100 na waɗanda ke raye. Binciken da ya shafi dubbai ba ya samun irin wannan, kuma waɗanda sukan ɓace masa su ne waɗanda rayuwa ta fi yi wa tsanani.

Bambancin da gwajin basira ya daina nunawa sai ya ɓullo ta wasu wurare. A shekara 14, kashi 49 na 'yan aji sun kai matakin da ake buƙata a jarrabawar karatu da lissafi, ɗaya ɓangaren kashi 15. A shekara 40, kashi 76 suna da aiki, can kuma 62. Matsakaicin abin da suke samu a shekara dala 20,800, can 15,300. Waɗanda aka kama sau biyar ko fiye kashi 36 ne, can 55. Mata ta makaranta suka fi cin riba: kashi 84 na 'yan matan ajin sun gama sakandare ta yau da kullum, a ɗaya ɓangaren kashi 32. Maza kuwa a wannan babu wani bambanci na a zo a gani, tasu ribar ta fi fitowa a aiki da raguwar shiga hannun 'yan sanda.

Ya kamata a tsaya a kan waɗannan alƙaluma da idon tausayi. Ko a cikin waɗanda suka samu aji, fiye da ɗaya cikin uku an kama shi sau biyar ko fiye. Dala dubu ashirin a shekara a Amurka ba wadata ba ce. Malamai huɗu sun rage wa yaran nan nauyi, amma unguwar tana nan yadda take, masana'antun mota suna rage ma'aikata, wariya ba ta tafi ba. Masu tallar Perry kamar maganin kowace cuta ba su yi wa mutanen nan adalci ba.

Ƙanƙantar da ta taimaka wajen nemo mutane ita ce kuma raunin lissafin. 'Yan matan ajin 25 ne, na ɗaya ɓangaren 26. Kashi 84 da kashi 32 ɗin nan, in aka mayar da su kawuna, wajen yarinya 21 ne da yarinya 8. Yarinya ɗaya tana ɗauke da kashi huɗu cikin ɗari. Ga shi kuma an auna ɗaruruwan abubuwa a kan mutanen, kuma wanda ya auna abu ɗari dole wasu su fito da bambanci ko da sa'a ce kawai. A 2008 masanin tattalin arziki Michael Anderson ya sake lissafi da wannan a ransa, ya ga ribar mata ta tsaya da ƙafarta, ta maza kuwa tana rawa. A 2010 James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, shi da abokan aikinsa suka shiga ainihin takardun, suka sa ƙanƙantar adadin da musanyar da aka yi wa 'ya'yan mata masu aiki cikin lissafi. Suka ga yawancin manyan sakamakon sun tsira, na mata da na maza, ko da yake ba duka ba. Hukuncin da nake ganin ya dace shi ne abin ya yi aiki da gaske, amma girman aikin ba a san shi daidai da yadda alƙaluman ke nunawa ba.

Lissafin kuɗin ma haka. A shekara 27 aka ce dala ɗaya ta dawo da 7.16. A shekara 40 aka ce ta dawo wa jama'a da 12.90. Amma kashi 88 cikin 100 na wannan riba daga raguwar laifi ta fito, wato kuɗin kotu da kurkuku da asarar waɗanda aka yi wa laifi, kuma kusan duka ta ɓangaren maza. Adadi ne da ya dogara da tsadar kurkukun Amurka da kuma farashin da mai lissafi ya sa wa kowane laifi. Da Heckman ya sake auna shi da taka-tsantsan sai ya samu ribar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a shekara. Riba ce mai kyau, sai dai ba a ɗaukarta a kai wata ƙasa a ce haka za ta fito.

To in ba basira ba, me ya canja? A 2013 Heckman da abokan aikinsa Rodrigo Pinto da Peter Savelyev suka koma kan takardun da malaman firamare suka cike game da halin yaran tun suna shekara bakwai zuwa tara: faɗa, ƙarya, ɗauke-ɗauke, tada hankalin aji. 'Yan ajin Perry sun fi sauƙi a waɗannan, kuma wannan sauƙin shi ya bayyana kaso mai yawa na bambancin da aka gani a manyanta. Ya yi daidai da abin da mutum zai zata daga ɗakin da ake da babba ɗaya a kan yara biyar, inda in rigima ta tashi a kan katako akwai mai lokacin da zai tsuguna ya sa yaran biyu su yi magana.

Amma Perry ba za ta iya gaya mana wane ɓangare ne ya yi aikin ba. Ƙarancin yara ne, ko ziyarar gida, ko digirin malamai, ko tsarin koyarwa? Duk 'yan ajin dunƙule ɗaya suka samu. Weikart ya ɗan taɓa tambayar a wani gwaji da ya fara a 1967 da yara 68, inda aka raba su tsarin koyarwa uku, dukansu da ƙananan azuzuwa da ziyarar gida. Duka ukun sun ɗaga makin yaran da farko. Sai a shekara 23 aka ga waɗanda aka koyar ta hanyar malami ya faɗa yara su amsa sun fi sauran yawan kamu a kan manyan laifuka. Rukunan ƙanana ne ƙwarai, mutum ashirin da 'yan kai kowanne, don haka alama ce kawai, amma tana nuna ƙaramin aji shi kaɗai bai gama magana ba.

Da aka zo faɗaɗawa

Head Start ta fara a 1965 da yara fiye da rabin miliyan, na mako takwas. Ƙa'idarta ta yau ta yarda da yara 20 'yan shekara huɗu a aji ɗaya da manya biyu, kuma ɗaya cikin biyun zai iya zama mataimaki. Yawancin jihohin Amurka ma kusan haka suke, babba ɗaya ga yara goma, ziyarar gida ta mako mako kuwa ba kasafai ake haɗa ta da aji ba. Manufar ilimi ta Najeriya ta sa malami ɗaya ga yara 25 a ajin nazare, wato duk ajin Perry a hannun mutum ɗaya, a takarda ke nan. Girkin mutum biyar ne aka ƙara wa ruwa don ya ishi ashirin, sannan a yi mamaki bai ƙosar ba.

Sakamakon manyan shirye-shiryen ya zo a gauraye. A jihar Tennessee an bi yara kusan dubu uku da ƙuri'a ta raba, rahoton 2022 ya nuna a aji shida waɗanda suka samu gurbi sun fi ƙarancin maki kuma sun fi shan horo a makaranta. A birnin Boston, inda nan ma ƙuri'a ce ta raba yara wajen dubu huɗu tsakanin 1997 da 2003, ba a ga bambanci a makin jarrabawa ba, amma waɗanda suka samu gurbi sun fi gama sakandare da shiga jami'a. Akwai kuma abin da ya sauya tun daga tushe. Yaran 65 na Ypsilanti gida suka zauna, don babu wani wurin zuwa. Yaron da bai samu gurbi ba a yau sau da yawa wata makarantar yake tafiya, don haka ana gwada aji da aji ne, tazarar kuma dole ta ragu.

An sake komawa ga mutanen Perry suna wajen shekara 55, a wannan karo har da tambaya a kan 'ya'yansu, waɗanda yawancinsu sun riga sun girma. Heckman da Ganesh Karapakula suka fitar da sakamakon a 2019. Kashi 67 cikin 100 na 'ya'yan 'yan aji sun gama sakandare ba a taɓa dakatar da su ba, na ɗaya ɓangaren kashi 40. Masu cikakken aiki ko sana'ar kansu kashi 59 ne da kashi 42. Ba don sun koma unguwanni masu kyau ba ne, unguwanninsu ba su fi na sauran ba. Inda aka ga bambanci cikin gida ne: 'ya'yan 'yan aji sun fi daɗewa a gidan da uwa da uba suke tare da aure, musamman 'ya'ya maza na mazan da suka zauna a ajin. Ba a gwada 'ya'yan kai tsaye ba, daga bakin iyayensu aka ji, kuma ba ƙuri'a ce ta raba su ba, don haka wannan shaida ba ta kai ta farko ƙarfi ba.